Wasiƙar Inna Tumba Zuwa Gummi

Ƙarar yage takarda ce ta jefa ni cikin sana'ar nan. Ina tsugune bakin murhu ina hura wuta, sai na ji "kyarr" daga ɗakin Innata. Na san ƙarar sarai, don a makaranta bulala ake sha a kanta: falle biyu ne aka ɓalle daga tsakiyar littafin rubutu. Na shiga da gudu na tarar da littafina na lissafi a cinyarta, ta riƙe fallen da yatsu biyu tana hure masa ƙura.

"Inna, Malam zai buge ni."

"Ki ce mai ni na cire. Zamna nan. Ba an ce kin iya rubutu ba? Yau za mu gani."

Babanmu ya tafi ci-rani kudu wajen fataken goro, an kuma samu mai tafiya can washegari. Ina aji biyar na firamare a nan Anka. Inna ta fara faɗa, ina bin ta da biro. Ta ce a gaishe shi, a ce gero ya yi kyau, rumbu yana yoyo ta gabas, jar akuya ta haifi tagwaye, ƙanena ya fara haƙori yana cizon kowa. Da muka gama ta ce in kai wa Gwaggo Asabe ta duba, ta kuma sa suna a bayan ambulan, tunda Inna ba ta faɗin sunan mijinta ko da a takarda ne.

Ku 'yan matan da kuke taruwa a tsakar gidana ranar Asabar, ku nake rubuta wa wannan. Na ji wata cikinku tana cewa wasiƙa ai saƙon waya ce da aka kwantar a takarda, duk wanda ya gama sakandare ya iya. Ni ma na gama sakandaren, kuma na yi dariya har na ƙware da ruwa. Ku matso in ba ku labari, in kun ji sai ku sake faɗa.

Gwaggo Asabe yayar babana ce. Ta yi ajin yaƙi da jahilci tun tana amarya, ita ce kuma mai rubuta wa matan unguwarmu wasiƙa. Ranar nan ta karɓi takardata ta nisantar da ita daga ido, ta karanta, ta ɗago.

"Innarki ba ta ce komi ba kan dabbobi?"

"Ta ce akuya ta haihu. Na ga ba shi da amfani, kuma wuri ya ƙare."

"Koma ki maido akuyar nan."

Na matse ta a gefen takarda, rubutun yana hawa sama kamar tururuwa a bango. Da Baba ya dawo gab da damina, bai ko ajiye jakarsa ba ya ce ina tagwayen. Ashe duk cikin wasiƙar su ya riƙe. Ya ce a rumfar da suke kwana har abokansa sun san jar akuya, suna tambayar lafiyarta. Daga ranar Gwaggo ta ce in riƙa zuwa wurinta bayan an tashi makarantar allo, in zauna gefenta in yi shiru. Na daɗe ina shirun nan kafin ta sake bari in taɓa biro a gaban mutum.

Kayan aikinta duka suna cikin wani gwangwanin alawa mai zanen furanni, shi ne wanda kuke gani a kan kabad ɗina. Biro shuɗi guda biyu, don ɗaya yakan ƙi aiki a tsakiyar magana, sai a murza shi tsakanin tafuka ya ɗumama. Jan biro ba ya shiga gwangwanin. Duk wanda ya ga jan rubutu gabansa faɗuwa yake yi kafin ya karanta. Akwai ƙaro da ake jiƙawa a murfin kwalba a liƙe ambulan, in babu shi a ɗan shafa lomar tuwo. Akwai kan sarki a naɗe cikin leda saboda wasiƙun da za su bi ta gidan waya. Teburinmu kuwa tire ne, a kife shi a cinya, a shimfiɗa tsohuwar jarida don kada biro ya huda takarda. Kafin a zauna sai an wanke hannu da sabulu, ko da an fito daga alwala ne, domin man gyaɗa ba ya jin kunyar fari.

Amma babban kayan aikin kunne ne. Gwaggo takan ce mutum huɗu ke cikin kowace wasiƙa a garin nan: mai faɗa, mai rubutawa, mai karantawa a can, da wanda ake karanta wa. Wanda aka aika wa sau da yawa bai iya karatu ba, ɗan maƙwabci zai kira, ko abokin aikinsa, a karanta da ƙarfi mutane na ji. Saboda haka duk kalmar da za ki sa, ki fara jin ta a bakin baƙo tukuna. In za ta sa mai ita ya sunkuyar da kai a gaban jama'a, ki nemo mata 'yar'uwa.

Wata rana wata matar soja ta shigo mana da goyo, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Mijinta yana can gabas, ya yi watanni bai aiko da ko gaisuwa ba.

"Rubuta," in ji ta. "Ki ce mai shi ba namiji ba ne. Ki ce ko tunkiya ta san inda ta bar ɗanta. Ki ce in ya ga dama ya mutu can."

Na kai biro zan fara, Gwaggo ta taka mini ƙafa. Ta miƙa wa matar kwanon fura, ta karɓi jaririn tana masa wasa, ta bar ta ta zazzage duk abin da ke cikinta har murya ta dushe. Sannan ta ce, "To, ɗiyata, duk mun ji. Wanne za mu aika? Kin san abokansa za su karanta mai a bariki."

Matar ta juya ludayi a cikin furar. Can ta ce, "Ki ce yaron ya fara rarrafe. Ki ce da shi yake kama, har kunnuwan."

"Tunkiyar fa?"

Sai ta fashe da dariya. "Bar ta nan, in ya zo na faɗa mai da bakina."

Ya zo kuwa, kafin sallar layya.

Wasiƙar mutuwa ita ce mai wuyar hannu. Na fara rubuta ta ne bayan an yi mini aure, ga wani magidanci da ke aikin gini a Sakkwato, mahaifinsa ya rasu a Adabka. Ba a buɗe ta da labarin, ba a kuma binne shi a ƙasa bayan zancen amfanin gona, don kada mutum ya tsinci kansa yana murmushi kafin ya iso wurin. Bayan sallama sai ki ce in yana tsaye ya samu wuri ya zauna. Ki tuna masa kowane rai mai komawa ne ga Mahaliccinsa. Sannan ki faɗa a fili, ki faɗi wanda ya yi masa wanka da wanda ya yi masa salla, da abin da ya ci na ƙarshe in an sani. Mutane suna son sanin wannan fiye da yadda kuke zato. Kuma kowace irin wasiƙa ce, ba a liƙe ta sai an karanta wa mai ita daga farko har ƙarshe ya ce ta yi.

Haka na yi shekaru ina yi daga cikin ɗakina, tsakanin girki da wankin yara. Mai ƙwai ta kawo ƙwai, mai kuka ta kawo kuka, wadda ba ta da komai ta yi mini addu'a, kuma ban taɓa raina wannan ba. Sai waya ta shigo. Da farko masu lema ne a bakin kasuwa ake zuwa a buga wurinsu, daga baya kowace mata ta ƙulle tata a bakin zane. Shekarar da ta fi muni ita ce wadda Gwaggo ta rasu. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi ƙamfa, kuma tun daga azumi har wani azumin ba wadda ta yi mini sallama da takarda. Ƙaro ya bushe ya zama tsakuwa, biro biyun suka daskare, murfin gwangwani ya yi tsatsa ya manne. Matan da na san sirrin gidajensu sukan wuce ƙofata da waya a kunne, su ɗaga mini hannu: "Innar Rukayya, kin huta." Na ce na huta, na kama saƙar hula.

To, ku kanku kun san safiyar da muka tashi aka ɗauke sabis a jihar nan gaba ɗaya saboda ɓarayin daji. Kowa ya fito tsakar gida yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Samari suka hau tudu, suka hau bishiya, shiru. Wahala ce aka sha, ba zan ce ba a sha ba. An dakatar da kasuwannin mako, tafiya ta zama abin tsoro. Amma a cikin kwanakin nan wata tsohuwa ta yi sallama ta ce, "Wai har yanzu kina da abin rubutun nan?" Da wuƙar yanka albasa na ɓamɓare murfin gwangwanin. Na roƙi Malam, maigidana, ya biyo mini da biro da ambulan in ya taso daga sakatariya, ya ce shagon da ya je ma har an fara layi.

Kafin mako ya zagayo tsakar gidan nan ta cika. Tabarmi har bakin rijiya, takalma a zaure kamar gidan suna. Wannan ta Gusau, wannan ta Bukkuyum, wannan ɗanta yana haƙar zinariya ba ta san ko yana raye ba. Direbobi suka zama gidan waya, kowanne da ledar wasiƙu a gaban mota. Tuwona ya ƙone ba sau ɗaya ba, Malam ya ci yana dariya. Da hannuna ya gaza, na jawo autata Rukayya, wadda ta gama sakandare a shekarar, rubutunta kuma ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Na ba ta tire da biro, ta zauna tana taunar cingam, ta ce wannan ai wasa ne.

A cikin wannan hada-hadar Inna Tumba ta zo. Maƙwabciyarmu ce, mai daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗiyarta ta fari, Balkisu, tana aure a Gummi. Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, amma irin ta Inna Tumba ta mutanen da ce, wadda ba sassauci. Tun da aka yaye Balkisu aka ba wa ƙanwar ubanta riƙonta. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ba, in za ta ambace ta sai ta ce "mutanen Gummi". Ko lokacin da waya ke aiki, in an kira daga can, da jikarta Saratu, ɗiyar Balkisu, kawai take yarda ta yi magana, su yi ta tsokanar juna. Balkisu kuwa ta taɓa zama a ɗakina tana share ido da bakin mayafi, ta ce ita dai ba ta sani ba ko kunya ce ko ba a son ta ne.

Ga abin da ya kawo Inna Tumba. Balkisu tana da tsohon ciki, bayan ɓari da ta sha tun haihuwar Saratu. Kafin a ɗauke sabis ta aiko cewa da an yanke gero za ta taho Anka ta haihu a gida. Yanzu hanya ta lalace, ana tare motoci ana shiga daji da mutane. Gero kuwa ga shi an fara yanka. Dole saƙo ya isa Gummi cewa ta zauna inda take. Amma in saƙon ya je a bushe, daga uwar da ba ta taɓa ce mata "sannu" ba, me za ta ji? Ko ta ce an kore ta ne daga gidan ubanta a lokacin da ta fi bukata, ko ta yi zuciya ta hau mota don ta nuna ita ma ɗiyar gidan ce. Na san Balkisu, ta biyun za ta yi.

Ina tsakiyar wata wasiƙar, sai Rukayya ta ce, "Inna Tumba, taho nan, yanzu in gama miki." Tsohuwa ta zauna a gefen tabarma ta yi bayani a ƙasan maƙoshi, rabi ga Rukayya rabi ga bango. Biro ya yi ta gudu. Can Rukayya ta gyara murya ta fara karantawa, kamar mai gaisuwa a rediyo.

"Zuwa ga ɗiyata abar ƙaunata, hasken idona, Balkisu. Ina sonki, ina kewarki dare da rana..."

Inna Tumba ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta miƙe.

"Na baro wake bisa wuta," in ji ta.

Ta fita da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mata suka kwashe da dariya har wata ta kwanta a tabarma.

"To mi na yi?" in ji Rukayya. "Ba ɗiyarta ba ce? Ba son ta take yi ba?"

"Son ta take yi," in ji wata tsohuwa tana share hawayen dariya. "Shi ya sa ba ta faɗi. Ke in Allah ya ba ki na fari, ki hau katanga ki yi shela."

Rukayya ta yage wannan ta sake wata: "An ce kada ki zo, hanya ba kyau." Ta miƙo mini tana cewa ai wannan ba kunya a ciki. Na ce gaskiya ne, amma wannan ita ce za ta sa Balkisu a motar farko. Ta ajiye cingam ɗin ta ce, "To ya ake yi?" Na ce ban sani ba tukuna, ta ɗauko gwangwani ta biyo ni.

Bayan la'asar na nemi izinin Malam muka shiga gidan Inna Tumba. Tana zaune gindin wani mangwaro tana tsince kalwa a faifai. Ba wake a wuta, murhun ma a sanyaye yake. Muka gaisa, na zauna na sa hannu a faifan muna tsinta tare, gwangwani yana bayana ban taɓa shi ba. Muka yi zancen tsadar kalwa, muka yi zancen ciwon gwiwa. Wata kaza mai ɗigo-ɗigo ta ratso da 'yan tsakinta, Inna Tumba ta kore ta da faifai.

"Kazar ƙawata ce," in ji ta. "Ta bar min ita kiwo, ko ƙwayar dawa ba ta aiko ba, ja'ira."

"Wace ƙawar?"

"Saratu mana. Wa gare ni?"

Rukayya ta dube ni, na dube ta. Ita ta riga ni. Ta ce a hankali, "Inna Tumba, ko a rubuta wa Saratu a gaya mata kazarta ta ƙyanƙyashe?"

Tsohuwa ta ci gaba da tsinta kamar ba ta ji ba. Sai ta ce, "In za a rubuta mata, a ce mata ba ta da kirki."

Na kife tire a cinya. Daga nan bakin Inna Tumba ya buɗe kamar an fasa madatsa, ni kuwa ina bin ta da gudu. Har yanzu ina iya kawo muku yawancinta daga ka.

"Zuwa ga ƙawata Saratu, marar kirki, mai gajeren hanci. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan. Kazarki ta ƙyanƙyashe, shaho ya ɗauki ɗaya, sauran suna cinye min kalwa. In ba ki aiko da dawa ba zan yanka uwar in sha romo ni kaɗai. Na ji an ce mutanen gidanku suna shirin tafiya. Ki gaya masu itacen wankan jego na tara shi bayan ɗaki tun bazara, na rufe shi da zana, itace ba ya ruɓewa, zai jira. Babbar tukunya na wanke ta na kife. Yajin jego na daka da hannuna, ga shi nan na ba direba tare da kanwa da daddawa, ki miƙa wa mai shi. Hanya ba ta da kyau. Ki riƙe zanen Innarki da hannu biyu, kada ki bari ta taka tasha. In ta taso, ni da ke mun ɓata har abada. Wanda ya zauna inda yake, shi ya ji maganata."

Nan ta tsaya. Na zaci an gama, har na fara neman ambulan. Sai ta ɗaga kai ta dubi rassan mangwaron, ta ce, "Ki ce mata mangwaron ga da anka dasa shekarar da anka haifi Innarta ya yi fure bana. Kullum da safe ni ke share gindinsa. Ban bari kowa shi share."

Birona ya tsaya a sama. Na ce, "In sa wannan?"

"Ke dai rubuta abin da kunnenki ya ji. Ni ban ce komi ba."

Na sa. Da na zo karanta mata, ta juya mana baya tana fuskantar bango, hannunta a cikin faifai amma ba ya motsi. Na kai ƙarshe, na ce haza wassalam. Ba ta juyo ba ta ce, "Ta yi." Rukayya ta kwafe ta a sabon falle da kyakkyawan rubutunta, ta zana kaza da 'yan tsaki a ƙasa, har da shaho a sama. A bayan ambulan muka sa sunan Saratu, ta hannun babanta, da unguwarsu a Gummi. Inna Tumba ta karɓe ta ta tura cikin kwandon daddawa, ta ce ita za ta kai wa direba da kanta. Da ta isa tasha da safe, an ce direban ya shinshina ambulan ya ce wannan ko a duhu ya san daga inda ta fito.

Sai jira. Aka gama yankan gero, aka ɗaure dammuna. Inna Tumba, wadda a ƙofar gida take sayar da daddawarta tun ina yarinya, ta wayi gari ta ce ciniki ya fi a bakin tasha. Duk motar da ta shigo daga wajen Gummi sai ta leƙa fuskokin da ke ciki tana addu'ar kada ta ga wadda ta sani. A cikin kwanakin aka tare wata mota a hanyar, labari ya cika gari, ranar ko ruwa ba ta sha ba sai da aka tabbatar ba mace mai ciki a ciki. Ni ma kowace salla sai na sa Balkisu a addu'a, ina ta juya kalmomin wasiƙar a raina ko akwai wadda ta yi kaifi.

Wani hantsi sai ga ta ta shigo ba ko sallama, da takarda a hannu. Mata suna zaune, ta ratsa su ta dire mini ita a tire. Rubutun babba ne, na wadda ta yi firamare ta daɗe ba ta riƙe biro ba, amma a sama an sa "Daga Saratu". Na karanta da ƙarfi.

"Zuwa ga ƙawata mai rowa. Kada ki taɓa min kaza. Innata ta ce ta ji, ta zauna, ba inda za ta. Ta ce yaji ya iso. Ta ce a ci gaba da share gindin mangwaro."

Inna Tumba ta zauna daɓas a ƙasa, ba a tabarma ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sake cewa. Sannan ta gyara ɗankwali ta ce, "Ji yarinya da rashin kunya, wai mai rowa."

Wasiƙa ta gaba da ta zo daga Gummi, haihuwa ce: namiji, uwa da ɗa lafiya. Matan tsakar gidana suka rangaɗa guɗa. Inna Tumba ta ce, "To, madalla," kamar an gaya mata farashin gishiri. Amma ranar duk gidan da ke layinmu sai da aka aika masa daddawa kyauta, miyar unguwa gaba ɗaya ƙamshi ɗaya ta yi.

Da aka maido da sabis na ɗauka zan sake rufe gwangwani. Layin ya ragu, gaskiya ne, amma bai yanke ba. Mata sun gano abin da muka sani tun zamanin Gwaggo: muryar waya tana wucewa da an kashe, takarda kuwa ana sa ta ƙarƙashin matashi a ciro gobe. Sun kuma gano a waya ba wanda ke ɓata kati yana ba da labarin akuya ko furen mangwaro, alhali su ne abin da na nesa yake ƙishi. Rukayya tana gidan mijinta a Bukkuyum yanzu, da nata gwangwanin, kuma ita ce ta fara turo mini ku. Saboda haka in kun zo Asabar mai zuwa, kowacce ta zo da abu ɗaya da ta gani a gidansu cikin makon, komai ƙanƙantarsa. Wanda kuke ganin bai isa a rubuta ba, shi nake so.

Bayan hanya ta ɗan lafa, Balkisu ta zo da jaririnta da Saratu. Na leƙa ta katanga na ga yadda aka gaisa: uwa tana kallon gabas, ɗiya tana kallon ƙasa, "kun zo lafiya" ɗaya, "lafiya lau" ɗaya. Sai dai tabarmar baƙi a gindin mangwaro aka shimfiɗa ta, kuma aka hura itacen nan da ya yi ta jira, duk da an daɗe da gama jego.

Da yamma ina wanke-wanke, sai ga wata 'yar yarinya ta tsaya a kaina, ta rungume kaza mai ɗigo-ɗigo a ƙirji. Ta ƙare mini kallo, ta dubi gwangwanin da ke kan turmi.

"Ke ce mai rubuta wasiƙa?"

Na ce ni ce.

"To ki rubuta min wata. Waccan sunana ne a kai, amma Innata ta ƙwace ta sa cikin akwatinta. Ta ce tata ce."